Wuyan riga ya yi kyau, wuyan tela ya ƙage

Assalamu alaikum Malam. Ni tela ne a Fagge, shekarata 41, aikin wuyan riga nake yi a shagon yayana tun ina saurayi. Yau shekara biyu ke nan dokin wuyana da saman kafaɗata ta dama suna ƙagewa, in na taɓa wurin sai in ji shi kamar dutse. Da safe da sauƙi, amma kafin La'asar ciwon ya hau min har ƙeya. A goman ƙarshe na azumin bara sai da na kwana uku ba na iya waiwaye. Na yi hoton ƙashi, aka ce babu abin tashin hankali. Na yi ƙaho sau biyu, kullum kuma sai na sha maganin ciwon jiki daga kemis. Abin da ya fi ciwon ƙona min rai shi ne Yaya. Tun da ya ji sakamakon hoton yake cewa ragwanta ce, wai na gaji da aiki ne nake neman hanyar sulalewa. Wani abokina da ya kai mahaifiyarsa asibiti a Masar ya ce akwai sabon sikanin da yake auna taurin tsokar wuya ya fitar da lamba. Ina da keke ɗaya nawa na kaina a gida, ina so in sayar in nemi inda ake wannan awon, ko a ina ne, in kawo wa Yaya takarda ya gani da idonsa. Da gaske akwai shi? Kuma zai nuna ciwon nawa?

Tela daga Fagge

Wa alaikumus salam ƙanena. Sannu, Allah Ya ba ka lafiya, Ya sa kaffara ne.

Kada ka sayar da keken. Na fara da wannan ne don kada ka kai tsakiyar amsata dillali ya riga ya ɗora shi a a-daidaita-sahu.

Abokinka bai yi maka ƙarya ba, awon yana nan, kuma abin sha'awa ne. Amma takardar da kake so ka kawo wa Yaya, wadda za ta tsaya maka shaida cewa kana jin ciwo, wannan na'urar ba ta buga irinta. Akwai ma yiwuwar ka dawo da takardar da za ta ƙara masa ƙarfin baki. Bari in bi da kai a hankali ka ga dalili, tunda kai mai awo ne, za ka fi kowa saurin ganewa.

Sikanin ɗin da ka sani, wanda ake yi wa iyali in suna da juna biyu, da sauti yake aiki. Kunnen ɗan Adam ba ya jin sautin da girgizarsa ta wuce 20,000 a daƙiƙa ɗaya, na'urar kuwa mai miliyoyi take aikawa. Sautin ya shiga jiki, ya bugi abin da ya tarar, ya dawo, kwamfuta ta tattara amsa-kuwwar ta mai da ita hoto. Wani likitan mata a birnin Gilasgo na ƙasar Sikotilan, Ian Donald, shi da abokan aikinsa ne suka wallafa aikin da ya buɗe wannan ƙofa a 1958. Babu irin hasken da ke cikin hoton ƙashi a tare da shi, shi ya sa ake yi wa mai ciki hankali kwance. Sai dai siffa kawai yake nunawa: girma, kauri, ruwa ne ko ƙari ne. Ba ya faɗa maka ko abin da ka hango mai laushi ne ko mai tauri.

Awon tauri daga baya ya zo. A 1991 wani masani a Jami'ar Teksas ta Amurka, Jonathan Ophir, da mutanensa suka raɗa wa fannin suna ilastogirafi. Dabarar farko ba ta da bambanci da abin da kake yi a 'Yan Lemo in za ka sayi mangwaro: ka latsa ka ga yadda ya lotsa. Matsalarta, hannun wani ya fi na wani nauyi. Sai aka zo da wadda abokinka ya gani, wadda na'urar da kanta take tunkuɗar naman daga ciki da wani ɗan sauti mai ƙarfi. Ka tuna igiyar shanya. In ta yi sako-sako ka kaɗa bakinta, motsin a sanyaye yake tafiya zuwa ɗaya bakin. In aka ɗaure ta tamau, kafin ka ƙifta ido ya isa. Haka naman jiki yake. Tunkuɗar tana haifar da ɗan motsi mai tafiya a kaikaice, na'urar ta bi shi ta auna saurinsa. Sautin da ke haɗa hoto yana gudun kusan mita 1,540 a daƙiƙa a cikin nama, shi kuwa wannan motsin tsakanin mita 1 zuwa 10 yake yi, kuma iya taurin wuri iya saurinsa. Daga nan sai ta fitar da lamba, ko da mita a daƙiƙa ko da wani ma'auni da ake kira kilofaskal, ta kuma shafa wa hoton launi. A wasu na'urorin ja ne tauri shuɗi laushi, a wasu kuma akasin haka. Ba allura, ba yanka, mai mai sanyi kawai ake shafa maka a goga kan na'urar. Ba kowace na'urar sikanin ce take iya wannan ba, wadda ake duba ciki da ita a yawancin wurare ba ta yi.

Inda wannan fasaha ta yi suna shi ne hanta. Tun farkon shekarun 2000 wata na'urar Faransa mai suna FibroScan take auna taurin hantar masu ciwon hanta, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa irin wannan awon cikin hanyoyin da ta yarda da su. Dalilin da ya karɓu a can shi ne hanta zaune take wuri ɗaya, namanta kusan iri ɗaya ne ta kowace fuska, ba ta kuma ɗaurewa don mai ita ya ji tsoro. An kwatanta lambobin da abin da aka gani a naman hanta da aka tsakuro, aka san daga lamba kaza lalacewa ta yi nisa.

Tsoka fa? Ga inda sana'arka za ta taimake mu. Ɗauki ƙyallen shadda ka ja shi ta tsawonsa, ba zai biyo ka ba. Ja shi a karkace, daga kusurwa zuwa kusurwa, sai ka ji ya miƙe. Yadi ɗaya ne, amsa biyu. Ita ma tsoka zare-zare ce a jere, in aka ɗora kan na'urar bisa tsawon zaren lamba daban, in aka ɗan karkata lamba daban. Sannan ita mai rai ce. Ka ɗan ɗaga kafaɗa, lambar ta hau. Ka sunkuyar da kai, ta hau. Mai awon ya danna hannunsa da ɗan ƙarfi, ta hau. A zaune daban, a kwance daban, na'urar wannan kamfani da ta wancan ma ba lallai su ba da amsa ɗaya ba. Kamar ka auna ƙirjin mutum ne sau ɗaya ya ja numfashi, sau ɗaya ya saki, da tef biyu da incinsu bai daidaita ba. Shi ya sa har yau masana ba su tsayar da wata lamba da za a ce daga nan tsokar wuya ta kamu da ciwo ba, yadda aka tsayar wa hawan jini ko suga.

An gwada kuwa, ba a zauna ba. A Taiwan da Turkiyya an yi binciken da ya nuna cewa, in aka haɗa jimla, tsokar saman kafaɗar masu daɗaɗɗen ciwon wuya ta ɗan fi ta masu lafiya tauri. A Jamus kuma, a wani bincike da aka wallafa a 2020, an auna matan da suka daɗe da ciwon wuya, masu cewa suna jin wuyan a ƙage, aka kwatanta da matan da ba su da ciwon, sai tsokar ɓangarorin biyu ta fito kusan daidai. Ko a inda aka ga bambancin ma, na jimla ne. In an ce maza sun fi mata tsawo gaskiya ne, amma ba za a faɗa maka tsawon mutum ka rantse namiji ne ba. Akwai mai tsoka kamar itace da bai taɓa jin ciwo ba, akwai mai tsoka lugub da ba ya iya barci. Mutanen Japan ma, da suka damu da wannan ciwo har suna da kalma guda ta musamman dominsa, katakori, suka kuma yi ta aunawa da irin waɗannan na'urori, ba su mai da awon abin da ake yanke hukunci da shi a kan mutum ɗaya ba. Kayan bincike ne mai amfani, wataƙila nan gaba ya zauna da gindinsa.

To ka ƙaddara ka sayar da keken, ka yi tafiya, aka auna, lamba ta fito daidai da ta kowa. Me za ka ce wa Yaya? Da takarda ɗaya yake yi maka gori, yanzu ka kawo masa ta biyu da kuɗinka. In kuma ta fito sama, likitan zai ce ka je a yi maka gashi, ka motsa jiki, ka gyara zaman aiki, abin da za a faɗa maka a nan Kano da kuɗin kati. Ni dai duk awon da amsarsa ko ta ina ta faɗo magani ɗaya ne, ba na ba talaka shawarar ya taɓa jarinsa dominsa.

Za ka ce, to dutsen da nake taɓawa fa? Ban ƙaryata ka ba. Sau da yawa akwai wurin da tsokar ta ɗan dunƙule, in an danna ciwon ya harba sama zuwa ƙeya ko bayan kunne. Sau da yawa kuma abin da yatsa ke samu a can kusa da wuya kusurwar allon kafaɗa ce, ƙashi ne, inda wata tsoka da ta sauko daga wuya ta kama. Wurin da ya daɗe yana ciwo jijiyoyinsa sukan zama masu saurin kai ƙara, taɓawar da da ba komai ba ce yanzu sai ta zama zafi. Jin ƙagewar ma wani ɓangarensa jiki ne yake taka maka burki don kada ka motsa inda yake tsoro. Duk wannan ciwo ne na gaske, kuma babu na'urar da take ɗaukar hotonsa. Ko a manyan asibitocin duniya, in ana son sanin zafin ciwo, mai ciwon ake tambaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Labarinka kuwa ya yi kama da na mai ciwon aiki sak: da safe sauƙi, da yamma tsanani, ɓangaren hannun da ya fi aiki, ya kuma ƙazanta lokacin ɗinkin Sallah. Kan babban mutum ya kai nauyin kilo 5, kamar galan mai lita biyar cike da ruwa. Rungume galan ɗin a ƙirji ba wuya, amma miƙa hannu ka riƙe shi minti goma ka ji. In ka sunkuya kan allura kana bin zane, tsokokin dokin wuya ne suke riƙe da galan ɗin a miƙe, ga kuma kafaɗar dama a ɗage tana juya yadi. Aikin ba nauyi ne da shi ba, rashin yankewa ne da shi. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin ya kawo wani hasashe a 1991 cewa a irin wannan aiki wasu ƙananan zaruruwan tsoka ne kullum ake tasa, su ne farkon tashi su ne ƙarshen kwanciya, sauran suna hutawa. Shi da wata yarinyar tatsuniyarsu ya kwatanta su, mu kuwa ai 'yar bora ce wannan. Dako a kasuwar Singa ya fi aikinka nauyi nesa ba kusa ba, amma ɗan dako yana sauke buhu ya miƙe. Kai tun hantsi ba ka sauke ba.

Akwai abin da ba ka ambata ba da nake so ka duba: idonka. Daga wajen shekara 40 ganin kusa yakan fara ja da baya, ga kowa, ba cuta ba ce. Tela bai cika lura ba, sai dai ya ga zura zare a allura ya fara ba shi aiki, ya riƙa miƙa wuya yana matse ido. Ciwonka ya fara kana da 39. Je asibitin ido a gwada ka, ƙila ɗan tabarau da ƙwan fitila mai haske a kan keken su rage maka abin da ƙaho biyu bai rage ba.

Hoton ƙashin da aka ce lafiya lau, albishir ne, ba tuhuma ba. Ƙashi yake nunawa, gaɓoɓi bakwai na wuya, ba ya nuna tsoka. Kuma kada wani ya tura ka MRI, wato hoton da ake shigar da mutum cikin babbar na'ura mai maganaɗisu, don neman abin nuna wa Yaya. A Japan an ɗauki hoton wuyan mutum 1,211 da babu mai ciwon komai a cikinsu, aka wallafa a 2015, kusan 88 cikin 100 an ga guringuntsin da ke tsakanin gaɓoɓinsu ya ɗan bultso. Hoto in ka matsa masa zai samo maka abin tsoro, ko da ba shi ne ke damunka ba.

Amma ni ban ɗora hannu a wuyanka ba, wasiƙa na karanta. Akwai alamomin da in ka ga ɗaya daga cikinsu, ka ajiye maganata ka tafi asibiti. In ciwon yana harbawa cikin hannu har yatsu kamar wutar lantarki, ko yatsun suna mutuwa, ko almakashi ya fara suɓuce maka, ko ɓalla maɓalli ya gagara, ko ƙafa tana harɗewa in kana tafiya, ko fitsari ya fara ƙwacewa, to maganar ta koma kan jijiya ko laka, a nan ne MRI yake da aiki. In kana ramewa ba dalili, da zazzaɓin dare da gumi, da ciwon da ba ya lafawa ko a kwance, a bincika, don tarin fuka yana kama ƙashin baya. In ciwon wuya da kafaɗa yana zuwa tare da nauyin ƙirji ko haki lokacin da ka yi sauri ko ka hau bene, zuciya za a duba, ranar nan. Wanda kuma wuyansa ya sandare farat ɗaya da zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da amai, musamman a bazara, mu mutanen Kano da muka ga 1996 ba sai an faɗa mana sunan sanƙarau ba, wannan ba a kwana da shi a gida. Haka wanda ya faɗo daga babur wuyan ya ƙage, kada a murza, kada a ja.

Sikanin na yau da kullum ma yana da ranarsa. In ciwon a cikin gaɓar kafaɗar yake, ɗaga hannu sama ko zura riga ya zama aiki, ko ba ka iya kwanciya a kan ɓangaren, yana nuna jijiyoyin da suka riƙe gaɓar sarai, ko sun yage ko sun kumbura. Haka in ƙari ne ya fito a wuya, ko maƙoƙo ko kaluluwa. Likita ne zai ce a yi bayan ya duba ka.

Inda zan tura ka shi ne sashen fisiyo, wato masu gashin ƙashi. Ga Asibitin Ƙashi na Dala nan ba nisa da ku, tun 1959 yake wannan aiki, ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a titin Zariya, ga Asibitin Murtala a cikin gari. Za su juya wuyan su ga iya inda yake kaiwa, su gwada ƙarfin hannu da jin taɓawa, su ware ko daga wuya ne ko daga kafaɗa. Wataƙila a can ka ga wata na'ura da ake gogawa a wurin ciwo ana ce mata altirasawun. Kada ka ɗauka ita ce ta abokinka. Wannan ta ɗumama nama ce, ba ta auna komai, kuma ba a kanta warakarka ta rataya ba. In aka yi maka gashi aka sallame ka ba a koya maka motsin da za ka yi a gida ba, ka tambaya da bakinka.

Domin abin da bincike ya fi tsayawa a kansa a irin ciwonka shi ne ƙarfafa tsokar. Mutane sukan yi mamaki, wai tsokar da ta gaji kuma a ƙara mata aiki? Ai wanda ya saba ɗaukar buhu, ƙullin gari ba ya gajiyar da shi. A Denmak an gwada wannan a kan ma'aikata 198 masu yawan ciwon wuya da kafaɗa, aka wallafa a 2011. Wasu minti 2 kacal suke yi a rana, wasu minti 12, kwana biyar a mako har mako goma, da igiyar roba, kuma duka ɓangarorin biyu ciwonsu ya ragu fiye da na waɗanda ba su yi ba. Minti biyu fa. Motsin kuwa ba wani abu ba ne: ka taka tsakiyar robar da ƙafa, ka riƙe bakunanta biyu, ka ɗaga hannuwa ta gefe, ɗan gaba kaɗan, har su kai daidai kafaɗa, ka sauke a hankali, ka yi ta yi har ka ji sun gaji. Tsohon tiyub na keken hawa in aka tsaga shi ya isa, ko faffaɗar robar ƙugun wando da ke shagonku a ninka. Fara da mai laushi, bayan mako biyu ka ƙara ƙarfi. Kwanakin farko za ka ji tsami, wannan ba komai. In kuwa ya harba cikin hannu, dakata ka gaya wa mai fisiyo. Ka haɗa da ɗaura robar a ƙarfen taga kana jawowa zuwa ƙirji kana matse allunan kafaɗa, da kuma ja da haɓa baya a hankali kamar mai ƙin cin abin da aka miƙo masa.

A shago kuma, duk wuyan riga ɗaya da ka gama, ko duk rabin awa, tashi tsaye ko na minti ɗaya ne, saki hannuwa su yi lilo, kalli can ƙarshen layi. Lokutan sallah suna taimakawa, amma daga hantsi zuwa Azahar tafiya ce mai nisa ga 'yar bora. Dubi kujerarka. Yawancin shagunanmu benci ne ko kujerar roba da aka samu, ba wanda ya auna ta da teburin keken. In ta yi ƙasa kafaɗa za ta ɗage, in ta yi sama za ka dunƙule. So ake gwiwar hannunka ta zo daidai da teburin kafaɗa a sake. Kai da kake gyara wa mutane inci ɗaya a hannun riga, gyara wa kanka inci biyu a ƙafar kujera. Da dare kuma tsumma da ruwan ɗumi, da matashin da zai cike tsakanin kunne da kafaɗa in ka kwanta ta gefe, kada ya yi tudu. Wayar da ake dannawa a kwance bayan an tashi daga aiki, ita ma sunkuyo ce.

Maganin kemis na kullum ya fi wuyan tayar min da hankali. In irin su diklofenak ko ibufurofen ne, shan su kowace rana wata da watanni yana jawo gyambon ciki, yana taɓa ƙoda, yana tayar da hawan jini, balle a watsa su a cikin da ya wuni da azumi. In kuma haɗi ne ake ƙulla maka a leda ba ka san sunan ko ɗaya ba, daina yau. Tiramadol kuwa, ka san samarin da ya cinye a garin nan, kuma da yawansu da sunan ƙarfin aiki suka fara. Kwashi kwalayen ka tafi da su asibiti, a gwada jininka, likita ya zaɓa maka abin da za ka sha na ɗan lokaci. Ƙaho ban hana ka ba, wasu suna jin sauƙi na 'yan kwanaki, amma ka tabbata a gabanka aka buɗe sabuwar aska, don ciwon hanta ta nan yake bi. Masu murɗe wuya ya yi ƙara a shagon aski, kada ka sake ba su naka.

Saura Yaya, wanda na san saboda shi ka rubuto.

Ban san shi ba, amma na san shagon tela a watan azumi. Kaya sun taru har rufi, kowa ya zo da fuskar shari'a, an karɓi ɗinkin da ko aljanu aka ɗauka aiki ba za su gama ba, ga wuta sai tsakar dare. Mutumin da mai aikin wuyansa ɗaya ne tak, in ya ji wuyan wannan ɗayan ya fara ciwo, tsoro ne yake fara kama shi, kuma tsoron manya sau da yawa da faɗa yake fitowa. Ban wanke shi ba, kalmar ragwanta ga wanda ya ba shago ƙuruciyarsa tana da ɗaci. Amma wanda ya shekara ashirin yana ganin aikinka ya san kai ba rago ba ne, ko bai faɗa ba. Ka kuma sani rashin barci da fargabar masu kaya su kansu suna ƙara ciwon, mutum in hankalinsa a tashe yake kafaɗunsa a ɗage suke wuni bai sani ba. Ba mamaki a goman ƙarshe ne wuyan ya ƙi juyawa.

Kada ka tare shi a shago gaban yara. Same shi a gida bayan Isha'i, ka ce, “Yaya, ina so ka raka ni Dala ranar da aka ba ni, ka ji da kunnenka.” Bayanin ma'aikacin lafiya na minti biyar a gabansa ya fi takardar da ba zai iya karantawa ba. In ya ƙi, akwai Hajiya in tana raye, ko wani baffa da yake jin nauyinsa. Kuma kada ka je da kuka kawai, je da tsari: a ɗora yaro ɗaya ka koya masa aikin wuya tun yanzu, kai kuma a riƙa sauya maka hannu, wani lokacin yanka, wani lokacin guga, wani lokacin kai za ka shiga Kwari sayayya. A kuma tsayar da ranar rufe karɓar ɗinkin Sallah, a tsaya a kanta ko wa ya zo. Ba a fafe gora ranar tafiya, wannan magana tun kafin Sha'aban ake yin ta. Nuna masa lissafin a fili: kwana ukun da ka yi ba ka waiwaye bara, riga nawa suka ci?

Tunda kuma lamba kake so, ga wadda za ta yi maka aiki. Buɗe shafin ƙarshe na littafin awonka. Kullum bayan Magariba rubuta kwanan wata, ka ba ciwon ranar maki daga 0 zuwa 10, ka sa awa nawa ka yi a kan keke, ka yi alama in ka ja robar. Irin wannan ma'aunin masu binciken Denmak ɗin suka yi amfani da shi. Ka tafi da littafin duk ranar da za ka ga mai fisiyo. Bayan mako goma ka rubuto min abin da shafin ya nuna, ka kuma faɗa min ko an gwada idon.